Matsayin Abokin Auren da Bai Shiga Ƙara Ba a Shari'ar Karayar Arziki ta Amurka: Samunsa da Basussukansa

Tsakure

Dokar karayar arziki ta Amurka ta yarda mai aure ya kai kansa kotu shi kaɗai, ya bar abokin zamansa a waje. Wannan takarda ta bi sawun abin da ke samun wanda aka bari ɗin. Ta nuna cewa a wajen lissafin samu dokar tana haɗa ma'aurata wuri guda, a wajen sauke bashi kuma ta raba su. Saboda haka albashin wanda bai shiga ƙara ba yana iya hana abokin aurensa samun sauƙi, sauƙin kuwa ko an samu ba ya kaiwa gare shi. An duba sassan dokar da suka shafi haka, da fom ɗin da kotuna ke amfani da su, da hukunce-hukunce huɗu, da bambancin da ke tsakanin jihohi. Sannan an gwada tsarin da abin da fiƙihun Malikiyya ya tanada, domin iyalan Hausawa da ke zaune a can suna rayuwa a ƙarƙashin dokar Amurka da tunanin da suka taso da shi daga gida.

Gabatarwa



Kundin tsarin mulkin Amurka ya ba majalisar tarayya ikon yin dokar karayar arziki iri ɗaya ga ƙasar baki ɗaya. Wadda ake aiki da ita yau an kafa ta a 1978, aka yi mata babban gyara a 2005, gyaran da ya soma aiki ranar 17 ga Oktoba na shekarar. Mutumin da bashi ya yi wa katutu yana da manyan ƙofofi biyu. A Babi na 7 ana naɗa amintacce ya tattara abin da mutum ya mallaka, ban da wanda doka ta ce a bar masa, ya sayar ya raba wa masu bin bashi, sannan kotu ta sauke masa saura cikin 'yan watanni. A Babi na 13 mutum yana riƙe da kayansa, amma ya ɗauki alkawarin biyan wani kaso daga samunsa na shekara uku zuwa biyar. Sai ya cika a sauke masa abin da ya rage.

Sashe na 302 ya ba miji da mata damar shigar da ƙara ɗaya tare, a kan kuɗin rajista ɗaya. Dama ce, babu tilas a ciki. Da yawa sukan zaɓi ɗaya ya shiga ɗaya ya tsaya, kuma dalilansu na hankali ne. Wani lokaci bashin duka da sunan mutum ɗaya yake. Wani lokaci ana son sunan ɗayan ya zauna da tsabta a wajen kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin jama'a, tun da ƙarar Babi na 7 tana iya shekara 10 a rubuce a kan mutum. Ko ɗayan ya taɓa samun saukewa, doka kuwa ta ce sai bayan shekara 8 ake sake samun ta Babi na 7. Ko kuma yana da gado ko wata kadara tasa da ba ya son ta shiga hannun amintacce.

Dokar ba ta bambanta miji da mata ba. Don sauƙin bayani zan ɗauka miji ne ya shiga ƙara, mata ce ta tsaya a waje. Duk abin da na faɗa haka yake idan aka juya. Abin da nake son kafawa shi ne: wannan mata da ake cewa ba ta cikin shari'a, tana cikinta tsundum, amma a wurin da ya fi cutar da ita.

Yadda ake lissafa samun matar

Kafin 2005 alƙali ne ke duba halin mutum ya ga ko neman Babi na 7 da ya yi cin amanar doka ne ƙarara, kuma doka tana kyautata wa mai ƙara zato. Gyaran 2005 ya kawo ma'aunin samu na sashe na 707(b), wanda ke aiki a kan mutumin da mafi yawan bashinsa na buƙatun gida ne, ba na kasuwanci ba. Ana ɗaukar abin da ya shigo a watanni shida cikakku kafin watan ƙara, a raba gida shida, a ninka sau 12, a gwada da matsakaicin samun gida mai yawan mutane irin nasa a jiharsa, bisa alƙaluman hukumar ƙidaya. Wanda bai wuce matsakaicin ba ya tsallake. Wanda ya wuce sai a shiga lissafi na biyu a ga nawa ke rage masa bayan an cire kuɗaɗen da doka ta amince da su; idan ragowar ta kai wani adadi, sai a ɗauka yana da halin biya, a kori ƙarar ko ya koma Babi na 13.

A nan ne sassa biyu na dokar suka ja da juna. Sashe na 101(10A), wanda ya fayyace samun wata, ya ce idan ƙarar ta mutum ɗaya ce, samunsa ne ake lissafawa, haɗe da duk abin da wani yake biya a kai a kai don hidimar gidansa ko ta waɗanda ke ƙarƙashinsa. Bisa wannan, daga albashin matar abin da ta sa a cefane da haya da wuta kaɗai ya kamata ya shiga. Amma sashe na 707(b)(7), wanda shi ne ƙofar tsallakewa ta farko, ya yi maganar samun mai ƙara da na abokin aurensa a haɗe. Fom ɗin kotu sun sasanta abin ta hanyar da ta fi nauyi a kan iyali. A fom 122A-1, idan ma'aurata suna gida ɗaya, ana rubuta albashin matar gaba ɗayansa, kafin cire haraji, a gwada jimillar da matsakaicin jiha. Sai wanda ya wuce ya shiga fom 122A-2, a can ne a layi na 3 ake ba shi damar cire abin da matar ke kashewa a kan abin da ba hidimar gidan ba. Wannan shi ne ragin aure.

Mu ƙaddara misali. Direban tasi ne, samunsa dala 3,200 a wata. Matarsa nas ce, albashinta dala 5,400. Suna da 'ya'ya biyu, kuma mu ɗauka matsakaicin jiharsu ga gidan mutum huɗu dala 95,000 ne a shekara. Samun mijin shi kaɗai dala 38,400 ne, bai kai rabin matsakaicin ba. Amma da an haɗa da na matar an tashi da dala 8,600 a wata, wato 103,200 a shekara, ƙofar farko ta rufe ke nan. A fom na biyu zai cire dala 450 da take biyan bashin karatunta, da 380 na motar da ita kaɗai ke hawa zuwa asibiti, da 300 da take aika wa iyayenta a Damagaram kowane wata. Fom ɗin da kansa ya ba da misalin ɗaukar nauyin mutanen da ba sa ƙarƙashin mai ƙara a cikin abin da ake iya cirewa. An cire 1,130. Duk abin da ya rage na albashinta an ɗauke shi tamkar ya shiga tukunyar gida, ko ya shiga ko bai shiga ba.

Wannan juya nauyin hujja ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Doka ta ce a lissafa abin da ta bayar. Aiki kuma ya koma a lissafa komai sai abin da aka tabbatar ba ta bayar ba. Tabbatarwar kuwa takarda take buƙata: takardun albashinta na wata shida, bayanan asusunta na banki, rasiɗin kowane kuɗi da aka ce nata ne. Macen da ba ta ci bashin ba, ba ta sa hannu a ƙarar ba, ita ce za ta buɗe sirrin aljihunta ga amintacce da ofishin sa ido na ma'aikatar shari'a. Idan ta ƙi, mijinta ne ƙararsa za ta lalace. Ana kuma iya neman kotu ta kira ta ta amsa tambayoyi bisa rantsuwa. Ga mutanenmu wurin ya fi tsanani. Kuɗin da aka ba matafiyi ya kai gida hannu da hannu ba shi da rasiɗi. Zubin adashi na mata ba shi da takarda. Abin da ba a rubuta ba kuwa, a idon amintacce, kuɗi ne da ke nan a gida, wanda ya kamata masu bin bashi su samu rabonsu a ciki.

Ko inda takarda take, kotuna ba su haɗu a kan iyakar ragin ba. Babbar rigimar ita ce ta bashin gida. Idan gidan da iyali ke ciki na matar ne ita kaɗai, bashinsa ma da sunanta, shin biyan da take yi hidimar gidan mai ƙara ce, tun da a ciki yake kwana, ko biyan bashinta ne na kanta da take tara kadara da shi? Wasu alƙalai sun ce hidimar gida ce, ba a cire ta. Wasu sun ce a cire, amma kada mijin ya sake neman kason haya da doka ke warewa. Iyali biyu masu hali iri ɗaya suna iya samun sakamako daban saboda kawai gundumar kotun da suke zaune. A Babi na 13 rashin tabbas ɗin ya fito fili a kan fom ɗin kansa. Sashe na 1325(b)(4) ya ce samun ma'aurata a haɗe ne ke yanke ko biyan zai yi shekara uku ko biyar, sai fom 122C-1 a layi na 19 ya bar wa mai ƙara ya cire ragin aure idan yana da'awar doka ta ba shi damar haka. Fom ɗin gwamnati ke nan yake gaya wa talaka cewa amsar tambayar da za ta ƙara masa shekara biyu na biya tana hannun alƙalin da ya faɗa wa.

Tsallake ma'aunin ma ba ƙarshen magana ba ne. A Jadawalin I akwai shafi na musamman na albashin abokin auren da bai shiga ba, a gwada shi da kashe-kashen gida na Jadawalin J. Idan rarar ta yi yawa, sashe na 707(b)(3) ya ba kotu ikon korar ƙarar bisa duba halin mutum baki ɗaya. Sauƙi ɗaya da ake da shi ya zo ne daga Kotun Ƙoli a shari'ar Hamilton da Lanning ta 2010, inda ta ce a Babi na 13 kotu tana iya la'akari da canjin samu da aka sani ko aka kusa tabbatar da aukuwarsa, ba sai ta manne wa watanni shidan baya ba. Idan matar ta rasa aiki ko ta ajiye shi saboda haihuwa, wannan hukunci ne madogara. Sai kuma ma'auratan da suka rabu bisa doka ko suke zaune gida daban ba don kauce wa ma'aunin ba. Su ba a haɗa samunsu, muddin mai ƙara ya rantse a kan haka. Rantsuwar ƙarya a nan laifi ne na tarayya da ke iya kai mutum kurkuku har shekara 5.

Bashi: inda aka raba su

Da an zo kan bashi sai dokar ta tuna cewa mutum biyu ne. A mafi yawan jihohi aure kaɗai ba ya ɗora wa mace bashin mijinta. Katin bashin da ya buɗe da sunansa nasa ne, ko da ya ba ta kati na biyu ta riƙa sayayya da shi. Ƙararsa ba ta shiga tarihin bashinta. Wannan gefen yana da kyau, kuma shi ne abin da lauyoyi suka fi gaya wa iyali.

Gefe na biyun shi ne sashe na 524(e): sauke wa mutum bashi ba ya taɓa alhakin wani da ke kan wannan bashin. Duk abin da suka sa wa hannu tare, mota ce, bashin gida ne, katin haɗin gwiwa ne, ko ta tsaya masa a banki, da an sauke wa mijin sai ya dawo kanta cif-cif, ba rabi ba. Dakatar da bin bashi na sashe na 362, wanda ke sauka nan take da an shigar da ƙara, mai ƙara da dukiyar da ke hannun kotu kaɗai yake karewa. A Babi na 7 banki yana iya buga wa matar waya washegari. Haka harajin da suka cike takardarsa tare: dokar haraji ta sa kowanensu yana ɗauke da dukansa. A jihohi da dama kuma akwai tsohuwar ƙa'ida da ke ɗora wa abokin aure kuɗin larurar ɗan'uwansa, musamman na asibiti, ko bai sa hannu ba.

Babi na 13 ya ɗan sassauta. Sashe na 1301 ya hana mai bin bashi taɓa wanda ya tsaya wa mai ƙara muddin shari'ar tana gudana. Sai dai rigar gajera ce. Bashin buƙatun gida kaɗai ta rufe, ban da na kasuwanci. Mai bin bashi yana iya neman a ɗage ta idan tsarin biyan bai ƙunshi bashin duka ba, ko idan matar ce ta amfana da kuɗin tun asali. Kuma tana faɗuwa da an rufe shari'ar, ko an kore ta, ko an mayar da ita Babi na 7. Iyalin da mafi nauyin bashinsu na haɗin gwiwa ne, ƙarar mutum ɗaya ba ta raba su da komai ba. Ta dai matsar da nauyin daga kan miji zuwa kan mata.

Akwai darasi a hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 22 ga Fabrairu, 2023, a shari'ar Bartenwerfer da Buckley. Wasu ma'aurata ne suka gyara gida a San Faransisko suka sayar, mijin ne ya tsaya a kan aikin, shi ya ɓoye wa mai saye aibobin gidan. Kotun ƙasa ta gano matar ba ta san da aibobin ba. Duk da haka alƙalan Kotun Ƙoli, baki ɗayansu, suka ce bashin da aka samu ta hanyar yaudara ba ya saukuwa a kanta, domin abokiyar kasuwancinsa ce a wannan ciniki, doka kuwa ta dubi yadda bashin ya samu ne, ba wanda ya yi yaudarar ba. Su tare suka shigar da ƙara, amma hukuncin ya fi zama gargaɗi ga wadda ta tsaya a waje tana tunanin idan abu ya ɓaci ita ma za ta shiga daga baya. Ba auren ne ya kama ta ba, sa sunanta a kasuwancin ne. Yana da kyau a san cewa dokar daidaita damar samun bashi ta 1974 da ƙa'idojinta sun hana banki, a mafi yawan halaye, tilasta sa hannun abokin aure idan mai nema ya cancanta shi kaɗai.

Dukiya da bambancin jihohi

Dokar karayar arziki ta tarayya ce, amma wa ya mallaki me, dokar jiha ce ke faɗa. A mafi yawan jihohi abin da ke da sunan matar nata ne, amintacce ba ya taɓa shi. Abin da suka mallaka tare, kason mijin ne ke shiga hannun kotu. Amma sashe na 363(h) ya ba amintacce damar sayar da kadarar gaba ɗayanta idan rabawa ba ta yiwuwa kuma amfanin sayarwar ya rinjayi cutar da za ta yi wa abokin tarayya. Matar tana da haƙƙin ta riga kowa saye a kan farashin da aka taya, in ba ta iya ba a ba ta kasonta a kuɗi. Gidan dai ya tafi. Wasu jihohi kamar Filorida da Merilan da Mishigan sun san wani nau'in mallaka na ma'aurata da ke ɗaukarsu tamkar mai mallaka ɗaya, wanda mai bin ɗayansu kaɗai ba ya iya taɓawa, kuma sashe na 522(b)(3)(B) ya mutunta wannan. Ba ya hana mai bin su biyun, ba ya kuma hana hukumar haraji ta tarayya, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Craft ta 2002.

Jihohi tara suna bin tsarin dukiyar tarayya: Arizona, Kalifoniya, Idaho, Luwiziyana, Nebada, Niu Meziko, Teksas, Washinton da Wiskonsin. Mafi yawansu sun gaje shi ne daga dokokin Sifen da Faransa. A can, abin da kowanensu ya samu da guminsa bayan aure na su biyun ne. Wanda aka shigo da shi auren, da gado, da kyauta, su ne keɓaɓɓu. Sashe na 541(a)(2) ya ce dukiyar tarayyar da mai ƙara ke da hannu a gudanar da ita, ko wadda bashinsa ke iya hawa kanta, tana shiga hannun kotu dukanta, har da kason matar. A Kalifoniya, inda ma'aurata ke da iko daidai a kan dukiyar tarayya, wannan yana nufin ajiyar da nas ɗin misalinmu ta tara daga albashinta tana iya tafiya wajen biyan katunan mijinta, ko da asusun da sunanta yake. A shari'ar Brace ta 2020 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta ƙara da cewa gidan da aka saya da kuɗin tarayya daga 1975 zuwa yau ana ɗaukarsa na tarayya, ko da takardarsa ta nuna wani nau'in mallakar haɗin gwiwa. Teksas ta fi sauƙi, domin dokar iyalinta ta bar albashin kowa a ƙarƙashin ikonsa shi kaɗai, kuma yawanci bashin kwangilar ɗayan ba ya hawa kansa matuƙar ba a cakuɗa kuɗin ba. 'Yan Najeriya da ke cike da birnin Huston ya kamata su san wannan bambancin kafin su zuba albashi biyu a asusu ɗaya.

Abin lura shi ne a waɗannan jihohin ne kaɗai dokar ta yi wa matar adalci ta wani gefe. Tun da an ɗauki dukiyar tarayya duka, sashe na 524(a)(3) ya hana masu bin bashin da ke kan tarayyar, har da masu bin matar, taɓa dukiyar tarayyar da za a samu bayan ƙarar. Albashinta na gaba ya tsira ke nan ba tare da ta shiga kotu ba. Alhakin da ke kanta bai goge ba: keɓaɓɓiyar dukiyarta, gwal ɗin aurenta ko gadonta, tana nan a buɗe ga mai bin ta, kuma kariyar tana ƙarewa ranar da auren ya mutu ko mijin ya rasu. Amma aƙalla a nan an haɗa su a wajen ɗauka, an kuma haɗa su a wajen kariya. A sauran jihohin an ƙidaya albashinta ba a ba ta komai ba.

Wata dabara da ke fara zuwa wa mutum idan ya ga ruwa ya kusa cin sa ita ce mayar da gida ko mota sunan matarsa. Ita ce mafi haɗari. Sashe na 548 ya ba amintacce ikon warware kyautar da aka yi cikin shekara 2 kafin ƙara, ta dokokin jihohi kuma yakan koma baya har shekara 4 ko fiye. Biyan bashin ɗan'uwa ko mata cikin shekara guda kafin ƙara ana iya ƙwato shi. Idan aka tabbatar da niyyar ɓoyewa, sashe na 727 ya ba kotu ikon hana saukewar gaba ɗaya. Matar da aka so a kare sai ta wayi gari ita ce ake ƙara.

Gwadawa da fiƙihun Malikiyya

Bahaushen da ya taso a Kano ko Maraɗi ko zangon Kumasi ya san cewa dukiyar mace tata ce, kuma ciyar da gida a kan miji yake ko matar ta fi shi arziki. Haka babin taflisi ya tafi a littattafan mazhaba, irin su Mukhtasar na Shehu Khalil da Bidayatul Mujtahid na Ibn Rushd. Alƙali yana hana muflisi taɓa dukiyarsa, a sayar, a raba wa masu bi gwargwadon abin da kowa ke bi, a bar masa abin ci da sutura shi da iyalinsa. Dukiyar matarsa ba ta cikin lissafi. Hasali ma tana shiga sahun masu bin bashi da sadakinta da ba a biya ba, da abin da ta ciyar da kanta da shi a lokacin da mijin yake da hali. Malikiyya ta kuma ba miji damar hana lamunin da matarsa ta tsaya wa wani idan ya haura kashi ɗaya cikin uku na dukiyarta.

Tsarin biyu sun yi hannun riga a daidai wurin da muke magana. Kuɗin da mace ta sa a gida, Amurka ta lissafa shi samun miji. Fiƙihu yana iya lissafa wani sashensa bashi a kan mijin. Amma kada mu manta da abin da Amurka ke bayarwa wanda fiƙihu bai bayar ba, wato goge bashi da hukuncin kotu. A shari'a jinkiri ake yi wa wanda ba shi da hali, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta umarta, bashin yana nan sai an biya ko mai shi ya yafe. Wanda zai goge wa mutum haƙƙin wasu yana da dalilin ya tambaya ko mutumin yana zaune cikin wadata a inuwar matarsa. Ban ga laifin tambayar ba. Laifin yana ga amsar da ta ɗauka cewa duk abin da mace ta samu na gida ne sai ta kawo hujja.

Akwai kuma batun wace ce matar a idon kotu. Auren da aka ɗaura a gida bisa ƙa'idar wurin, galibi Amurka tana karɓarsa, amma mata ɗaya dokarta ta sani. Wanda aka ɗaura a masallaci a can ba tare da rajista ba, ingancinsa ya danganta da jiha. Ko ba a ɗauke ta matar aure ba, abin da take sawa a hidimar gida a kai a kai yana shiga lissafi ta sashe na 101(10A).

Abin da ya kamata a gyara

Majalisar Amurka tana iya warware mafi yawan wannan da gyara kaɗan: ta daidaita sassa na 707(b)(7) da 1325(b)(4) da ma'anar da ke sashe na 101(10A), ta yadda gudummawar da abokin aure ya bayar da gaske ce za ta shiga tun daga ƙofar farko, ta kuma faɗi hukuncin bashin gida da ke sunan mutum ɗaya a cikin dokar, kada a bar shi ga sa'ar gunduma. Idan kuwa ta nace sai an ƙidaya albashin duka, to adalci ya sa kariyar sashe na 1301 ta kai Babi na 7, ko da na tsawon shari'ar ne. Mu a Najeriya, dokarmu ta karayar arzikin ɗaiɗaikun mutane ta 1979 ce, kuma ba a cika amfani da ita ba. Duk ranar da aka zo sabunta ta, kada a kwafo ma'aunin Amurka a ƙasar da miliyoyin iyalai ke kan tsarin raba dukiyar ma'aurata, kuma gida ɗaya yana iya ƙunsar mata fiye da ɗaya, kowace da sana'arta.

Kirana na ƙarshe ga shugabannin al'ummarmu da limamai a Bronx da Shikago da Huston ne, tun da wurinsu ake fara kai kuka kafin a je wurin lauya. Ku gaya wa mata su riƙa aika kuɗin iyayensu ta hanyar da ke barin rasiɗi, su rubuta zubin adashinsu, su ajiye shaidar abin da suka shigo da shi aure, kuma kada su sa hannu a takardar bashi ko ta kamfani don kunya. Ku gaya wa maza kada su shigar da ƙara matansu ba su sani ba. Lauyan da miji ya ɗauka aikin miji yake yi. Matar da albashinta da gidanta za su shiga lissafi ta nemi nata lauyan ya duba mata kafin a miƙa takarda ko ɗaya a kotu.